A ɗauki wanda ya yi jinyar ƙwaƙwalwa aikin tallafa wa masu jinya?

Sista Talatu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ce ta taso a wajen aikinmu har ta raba kan ma'aikata, na ce bari in kawo ta nan. Wata ƙungiya ta zo da shawarar a zaɓi mutum huɗu ko biyar cikin waɗanda suka yi jinyar ƙwaƙwalwa a asibitinmu suka samu sauƙi, a ba su horo, su riƙa zama da masu jiran likita ranar asibiti, su kuma riƙa bin waɗanda aka sallama har gida. Wasunmu sun ce ganganci ne, wai yaya za a ce mai shan magani ya kula da mai shan magani. Ni dai ban tsayar da ra'ayi ba. Maman Iman, na san aikinki ke nan a Amurka. Don Allah ki warware mana, me kuke yi takamaimai?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Sista. Kafin ta zo bari in jefa tawa. In nasa ciwon ya tashi a tsakar gidan mutane fa, wa zai ɗauki alhaki? Ku bar wa masu farar riga aikinsu.

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. Afuwan Sista, sai yanzu na taso, kun san darenku ranarmu ce. Eh, aikina ke nan a jihar Jojiya, da shi nake biyan haya. Sharaɗin farko shi ne kai ma ka taɓa fama da larurar ƙwaƙwalwa ko shaye-shaye, ka samu sauƙi, kuma ka yarda za ka faɗa da bakinka. Ni nawa ciwon mai hawa da sauka ne, wani lokaci mutum ya yi sama ya kasa runtsawa yana jin duniya tasa ce, wani lokaci ya faɗo ko wanka ya gagare shi. An kwantar da ni, na sha magani, har gobe ina sha. Daga nan sai horo, wasu jihohin awa 40, wasu sun fi haka, sai jarrabawa, sai takardar shaida. Kuma dole ka riƙa ƙaro karatu, in ba haka ba takardar ta mutu.

Ba na rubuta magani, ba na cewa a ƙara ko a rage, ba na faɗa wa mutum sunan ciwonsa. Wannan hurumin likita ne. Nawa shi ne abin da ke faruwa tsakanin wannan ganin likitan da na gaba. Likita zai ga mutum na minti 15 ko 20 a wata, to sauran kwanakin fa, wa yake tare da shi?

Ga misali, na sauya wasu bayanan don doka ta hana mu fallasa wanda muke aiki da shi. Wata mata maganin da aka ɗora ta a kai ya sa ta ƙiba, kayanta duk suka matse ta, sai ta fara tsallake sha a ɓoye. Tana tsoron in ta faɗa za a rubuta mata taurin kai a fayil. Muka zauna cikin mota a bakin asibitin, ta rubuta tambayoyi uku a bayan rasit ɗin kanti, hannunta na rawa. Da muka shiga ban ce uffan ba, ita ta karanta abinta. Abin da kawai na yi tun a mota shi ne na gaya mata ni ma na taɓa ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe saboda wannan dalilin, na kuma gaya mata yadda ta ƙare da ni. Wannan kalmar likita ba shi da ita, ko da ya fi kowa kirki.

Ɗan Fagge:
Anti, ba raini ba, wannan ai aikin 'yar'uwa ne ko maƙwabciya. Mu nan ba mu rasa mai rakiya asibiti ba. Turawa ne da ba su da dangi sai an biya wani ya raka su.

Hajiya Babba:
Ɗan nan, ka taɓa raka mai wannan larurar kuwa? Ni na yi shekaru ina raka ɗan yayata. Mu dangi muna rakiya, gaskiya ne, amma mu ne muke magana. Likita ya ce masa yaya jiki, kafin ya buɗe baki na amsa. Kuma abin da zan faɗa shi ne abin da ya dame ni, ya fasa kofi, ya ƙi gaishe da baƙi. Abin da ya dame shi kuwa, na kunyar da yake ji in zai wuce majalisar abokansa, sai daga baya can na ji a bakin wani.

Sista Talatu:
Wallahi Hajiya kin faɗi abin da muke gani kullum. Wani lokacin sai mun fitar da 'yan rakiya waje kafin majinyaci ya ce mana maganin ya kashe masa sha'awar iyali, shi ya sa ya daina. Wa zai faɗi wannan a gaban yayarsa?

Ɗalibin Tarihi:
Ga masu ganin sabon yayi ne daga Amurka, abin ya girmi haka. A asibitin Bicêtre na birnin Faris, ƙarshen ƙarni na 18, mai kula da sashen masu taɓin hankali wani ne Jean-Baptiste Pussin, wanda shi kansa da jinya ya fara shiga asibitin, kodayake ba ta ƙwaƙwalwa ba. Shi ne ya riƙa ɗaukar waɗanda suka warke aiki, don ya lura sun fi tausayi kuma ba su cika dukan majinyata ba. Da shi likita Philippe Pinel ya yi aiki, a zamanin da aka fara kwance wa majinyata sarƙa. Ƙungiyar masu barin giya ta Alcoholics Anonymous, da aka kafa a 1935 a jihar Ohayo, ita ma a kan wannan tunanin ta tsayu, mashayin da ya daina shi ke riƙe hannun mai son dainawa. Abin da Amurka ta ƙara shi ne biyan albashin ta hanyar inshorar gwamnati. Jojiya, inda Maman Iman take, ita ce jiha ta farko da inshorar gwamnati ta Medicaid ta fara biyan kuɗin wannan aikin, a 1999, sai a 2007 hukumar tarayya ta rubuta wa sauran jihohi cewa su ma za su iya.

Dakta A.:
Bari in sa baki a matsayina na likita, kuma zan ɓata wa kowane ɓangare rai. Masu cewa haɗari ne, bincike bai goyi bayanku ba. Nazarin 2013 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ya duba inda aka sa waɗanda suka taɓa jinya aiki a cikin tawagar kula da masu jinya, bai ga sakamakonsu ya fi na ƙwararru muni ba. Masu cewa shi ne maganin komai, ku ma ku sassauta. A Ingila an yi gwaji da aka buga a mujallar Lancet a 2018: waɗanda suka fito daga kulawar gaggawa aka haɗa su da irin su Maman Iman, kashi 29 cikin 100 ne suka koma cikin shekara guda, waɗanda aka ba littafin kula da kai kawai kuwa kashi 38. Amma wani babban gwajin, shi ma a Ingila, da aka buga a 2022 kan waɗanda aka sallama daga kwanciya, bai nuna raguwar komawa asibiti ba. Inda aka fi ganin amfaninsa shi ne mutum ya daina yanke ƙauna, ya ji yana da ta cewa a kan jinyarsa.

Ni abin da yake ba ni tsoro daban ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba mu kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kullum kuma wasu na haɗa jaka. A irin wannan yanayin, in ka ajiye mutum a ƙauye ka ce masa kai mai tallafi ne, wata uku ba za a yi ba za a fara kiransa likita, a kawo masa kati a ce ya duba. In ba shi da wanda zai buga wa waya, zai duba ɗin.

Maman Iman:
Dakta, wannan tsoron naka shi ne nawa. Mu nan ba a sakin mutum haka. Ina da shugabar da nake zama da ita a kai a kai, muna bin mutanena ɗaya bayan ɗaya. Kuma tun ranar farko nake gaya wa kowa: duk abin da ka faɗa mini amana ne, sai abu ɗaya, in ka ce za ka hallaka kanka ko wani, to ba zan riƙe ni kaɗai ba. Wanda bai san wannan iyakar ba bai kamata a ba shi aikin ba.

Ɗan Fagge, tambayarka ta farko ban manta ba. Ciwona zai iya tashi, eh. Shi ya sa nake da rubutaccen tsari, irin wanda wata Ba'amurkiya, Mary Ellen Copeland, da abokanta suka fito da shi a 1997, kuma shi muke koya wa mutane. Ka rubuta yadda kake in kana lafiya, alamun da ke nuna abin ya fara motsi, da wanda za a kira. Ni tawa alamar barci ce. In na ga na fara kwana ina goge kicin da ƙarfe 3 na dare ina jin daɗi, na san ba ƙwazo ba ne. Sai in kira likitana, in ɗauki hutu, wata ta riƙe mutanena. Nas mai hawan jini ma ai yana kwanciya, ba a ce a kore shi ba.

Mai ɓoye suna:
Ku yi haƙuri na ɓoye sunana, za ku gane dalili. Na yi jinya bayan haihuwata ta fari, an kwantar da ni, na samu lafiya alhamdu lillahi. Aurena na farko a kan haka ya mutu. Wanda nake ciki yanzu mijina ya sani, danginsa ba su sani ba. Ina da ƙanne mata biyu a gida ba su yi aure ba. Duk wannan bayanin na Anti Maman Iman ya shige ni, har na ji da ma ni ce, don na san abin da zan gaya wa mai jegon da take jin tsoron ɗaukar jaririnta. Amma ku duba sharaɗin farko. Sai ka faɗa da bakinka. Ranar da aka gan ni ina shiga gidaje da sunan wadda ta taɓa, ranar za a ce gidanmu akwai hauka a jini, masu binciken aure su juya. Ita Anti tana Amurka, wa ya san kakanta a can? Ni a unguwarmu har kishiyar kakata an sani. Ba ni kaɗai zan biya kuɗin wannan aikin ba, har da yaran da ba su ji ba su gani ba.

Hajiya Babba:
Allah sarki 'yata. Allah ya ƙara lafiya, ya rufa asiri. Wannan ita ce maganar, sauran duk bayanta suke.

Maman Iman:
Ƙanwata, ba ni da amsar da za ta share wannan. Kuma kar ki ɗauka nan aljanna ce, akwai 'yan garinmu a nan da suka daina gayyata ta suna tun da suka ji aikina. Abin da zan ce, ba wanda ya isa ya ce dole ki fito. Kuma faɗar ma hawa-hawa ce. Ni ba na tsayawa a taro in zazzage tarihina, mutum ɗaya nake gaya wa, a ɗaki, gwargwadon abin da zai amfane shi. Akwai abubuwan da ban taɓa faɗa wa kowa a wajen aiki ba kuma ba zan faɗa ba. Mu nan akwai ma layin waya da irinmu suke amsawa, mai kira bai san fuskarki ba. Wataƙila a gida ta nan ya kamata a fara wa mata.

Ɗan Fagge:
To ai kun dawo kan maganata ta wata hanyar. Abin bai dace da mu ba.

Sista Talatu:
A'a Ɗan Fagge, kar ka yi saurin naɗe tabarma. Ka tuna yadda ake gudun mai cutar ƙanjamau a da, ko kofinsa ba a taɓawa. Yau a asibitoci da yawa akwai iyaye mata masu ɗauke da cutar da suka haihu lafiya, an horar da su suna zama da masu cikin da aka gano suna da ita, ana ba su ɗan alawus. Su ma da tsoron tonon asiri suka fara. Kuma ko a wannan fannin akwai masu fitowa. Hauwa Ojeifo ta faɗa wa duniya ciwonta, ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016, har gaban Majalisar Tarayya ta je ta yi magana a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Mai ɓoye suna:
Sista, na san da ita, Allah ya saka mata. Amma ba a layinmu take ba.

Ɗan Zongo:
Gaisuwa daga Tamale. Mu nan Gana abin da na gani ya yi aiki shi ne ƙungiya, ba mutum ɗaya yana bin gidaje ba. Wata ƙungiyar agaji mai suna BasicNeeds ta daɗe tana haɗa masu larurar ƙwaƙwalwa da masu farfaɗiya da masu kula da su, suna taro, suna adashi, wani a taimaka masa da jari ko keken ɗinki. In mutum ashirin suka zauna tare, ba a nuna ɗaya da yatsa. Kuma wanda ya fara kawo kuɗin cefane gida, ko an san ya taɓa, sai ka ga bakin mutane ya mutu. Na ji a asibitin Butabika na Kampala ma suna da irin su Maman Iman, har cikin ɗakunan jinya suke shiga.

Malam Na Tudu:
Na karanta duka. Tambayata ga Maman Iman: in kika je wajen wanda iyayensa suka yi imani shafar aljanu ce ko sammu, suna masa ruƙiyya, me za ki ce? Don abin da na sani, 'yan boko da zarar sun ji an ce aljani sai su yi dariya, daga nan iyaye su rufe ƙofa.

Maman Iman:
Allah gafarta Malam, ni kaina an yi mini ruƙiyya kafin in ga likita, kuma har yau ba na barin azkar. Ba aikina ba ne in yi musu da mutum a kan abin da ya yi imani da shi. Tambayar da nake yi ita ce, me yake taimaka maka, me kuma yake cutar da kai? In karatu yana kwantar masa da hankali, madalla, a ci gaba, a haɗa da magani. Inda zan buɗe baki shi ne in an ce ya zubar da magani, ko an kawo bulala da mari.

Malam Na Tudu:
A nan ba mu da saɓani. Duka da ɗauri ba ruƙiyya ba ne. Abin da aka gani a wani gidan tsare mutane a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 aka fitar wasu da sarƙa a ƙafa, da wanda aka gani a Daura bayansa, ba wanda zai kare shi da sunan addini. Amma ku sani iyaye ba don mugunta suke kai 'ya'yansu ba, rasa yadda za su yi ne. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kware da Barnawa da Dawanau da Maiduguri suna nesa, mutumin ƙauye ina zai samu kuɗin motar? In za ku yi wannan tsarin ku sa limamai a ciki tun farko. Kuma mace ta je wa mace, namiji ya je wa namiji, kar a ce wani ƙato zai yi sallama a gidan matan aure wai shi mai tallafi.

Barista:
Ƙarin haske kaɗan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa mai larurar bambanci. A takarda ke nan. Amma ku lura da sashe na 231 na Penal Code, kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kaiwa shekara guda. Gana ta soke irin nata a 2023. Don haka wanda za a horar a nan dole a faɗa masa ƙarara wa zai kira in wani ya furta masa irin wannan. Likita ko nas, ba caji ofis ba.

Abban Sadik:
Ni shekaruna na shaye-shaye ba ɓoyayyu ba ne, duk unguwa ta gan ni a kwata, don haka ba ni da asirin da zan rufa. Tun kafin a hana kodin a 2018 nake ciki, Allah ya raba ni da shi. Yanzu ba tare da kowa ya ɗauke ni aiki ba, yara suna zuwa shagona. Abin da na sani wanda Sista ba lallai ta sani ba: yaron da aka ba ƙwayar Exol saboda maganin asibiti ya sandarar masa da wuya, na san wanda zai tare shi a bakin layi ya saye. Na san wane shayi ne ba shayi ba. Amma zan faɗa muku gaskiya, aikin yana ci. Akwai daren da yaro ya zo yana warin abin, na rufe shago na tafi masallaci na zauna, don na ji jikina yana nema. In za a ɗauke mu, a ɗauke mu da wanda zai riƙa tambayarmu yaya namu jikin.

Dakta A.:
Abban Sadik, Allah ya ƙara tsarewa. Irinka nake nema a asibiti ban samu ba. Sista, ki tambayi ƙungiyar nan abu biyu kafin ku amsa. Wa zai riƙa zama da su duk mako, da sunansa? Kuma in tallafin ya ƙare, wa zai biya su?

Maman Iman:
Na biyun nan ki riƙe shi da kyau Sista. Ko a nan albashinmu yana cikin na ƙasa-ƙasa a asibiti, kuma in ba ka tsaya ba sai a mayar da kai direba ko ɗan aike, ko a ajiye ka don a nuna wa baƙi. Na taɓa aiki a wani wuri da in ana taron ma'aikata sai a ce in jira a waje, wai za a tattauna majinyata. Ban daɗe ba na bar musu. In an ce sa kai ne kyauta, to ku sani kuna roƙon mutum ya sayar da sirrinsa, ya hau mota da kuɗinsa, ya kwashi damuwar wasu ya kai gida, a sallame shi da Allah ya saka. Waɗanda suka fi buƙatar aikin su ne ciwon ya raba su da sana'arsu.

Ɗan Fagge:
To in da albashi, da mai sa ido, kuma ba ya taɓa magani, na rage adawa. Ban janye duka ba. Har yanzu ban ga wanda ya amsa wa baiwar Allah mai ƙanne biyu ba.

Sista Talatu:
Ba a amsa ba kam. Ranar Alhamis za mu zauna da su, zan kai maganar albashi da mai sa ido da ta Malam ta raba maza da mata, zan kuma tambaya ko za a iya fara na mata ta waya. Saura abu ɗaya da ya tsaya mini. Sun ce za a yi musu katin shaida na ratayawa a wuya. Me za a rubuta a kai? In aka rubuta gaskiyar aikin, duk wanda ya karanta a cikin Keke Napep ya san tarihin mutum.

Maman Iman:
Nawa an rubuta, amma a aljihu nake sa shi sai na shiga gini. Ku ku rubuta ma'aikacin asibiti kawai, sauran shi zai faɗa wa wanda ya ga dama. Kuma kar ku yanke wannan ku kaɗai, ku kira su mutum huɗun ko biyar ɗin ku tambaye su tun kafin a buga katin.